Na Ga Ƙanina Yana Sassarfa Tsakanin Safa Da Marwa

Edita, ina gaishe ka da masu karatu baki ɗaya. A yi haƙuri da Hausar tawa, ta Makka ce, Larabci ya ci rabinta. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin mu a nan duk wanda ka taɓa ɗan'uwan wani ne.

A lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ina haya a wani lungu bayan titin Mansur. Sana'ata tura arabiya, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai su ɗawafi da sa'ayi. Tun ina saurayi nake yi, jagororin alhazanmu na gida duk sun san ni, in suna da tsohuwar da ƙafa ta gaza ni suke kira. Kuma ina da wani ji da kai a kan sana'ar nan wanda shi ne ya kai ni ya baro. Na ɗauka cewa ni ba a yi min ƙaryar ciwo. Ina kallon yadda mutum ya zauna a kujerar zan ce maka ko mara lafiya ne ko malalaci. Mai ciwon gaske sai ya dafa hannun keken tukuna, ya sauke jikinsa a hankali, kansa a sunkuye kamar yana jin kunyar kujerar. Malalaci kuwa faɗawa yake yi, ya miƙe ƙafa, ya zaro waya ya hau ɗaukar hoto. Na sha ba da wannan labari a wurin shan shayi ana dariya, har wasu suna tsokanata da cewa likitan Harami ya iso. Ina jin daɗin sunan ƙwarai.

Ina da ɗan'uwa, ɗan ƙanwar mahaifiyata, na girme shi da shekara huɗu. A gida ɗaya aka haife mu a unguwar Tandabawi, a tire ɗaya muka ci abinci, Yaya yake ce min, ni kuma ban taɓa kiransa da wani abu ba sai ƙanina. Bambancinmu biyu ne. Mahaifinsa yana da takardar zama ɗan ƙasa, nawa kuwa ba shi da ita, ya rasu yana cewa baɗi zai koma Kano. Shi ke nan ƙanina ya tashi ɗan ƙasa, ni da aka haifa a ɗakin da ke kallon nasu na tashi baƙo, ina sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar wanda ya sauka daga jirgi jiya. Sannan shi da ciwon sikila aka haife shi. Tun muna yara in aka yanka kaza tasa ce cinyar, in za a yi aike ni ne, in mun yi laifi tare ni kaɗai ake duka saboda shi ba ya da ƙwari. Na sha goya shi zuwa asibiti yana kuka da ƙashi, kuma ina sonsa, Allah ne shaidata. Amma can ƙasan raina akwai abin da ke ce min rabin ciwon nan shagwaɓa ce, ban kuma taɓa zama na kori wannan tunanin ba.

Da muka girma ya samu aikin tuƙa motar 'yan makaranta, ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu. Daga baya ya fara ɗingishi, likitoci suka ce ciwon ya cinye masa ƙashin ƙugu. Ya ajiye tuƙi, ya shiga gaban kwamitin likitoci, aka rubuta shi cikin masu naƙasa, aka yanka masa tallafi duk wata. Ranar da aka gaya min na ce Alhamdu lillahi, kuma da gaske na faɗa.

Matsalar ita ce a daidai shekarun nan ne ni kuma komai ya tsaya min. Aka kawo kekunan lantarki Harami, alhaji ya hau abinsa ba ya buƙatar ƙarfin kowa. Wasu kamfanonin suka fara zuwa da masu turawarsu. Sai in wuni a ƙofar masauki ban samu mutum ɗaya ba. Kayan masarufi suka tashi, kuɗin sabunta takardun iyali ya zama abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Ba ni kaɗai ba ne, titin Mansur gaba ɗaya kuka yake. Mai kanti ya ce kaya ba sa motsi, mai tsire ya ce wanda ke sayen tsinke biyar yanzu ɗaya yake saya ya tsaya yana lissafi, shagunan da muka sani tun muna yara aka saukar musu da ƙofa. A wurin mai shayi hira ɗaya ce kullum, ƙasa ta tsaya, kuɗi ba sa zagayawa. Kuma da yake dole a samu wanda za a ɗora wa laifi, sai aka samo masu karɓar tallafi. Wannan ya ce maƙwabcinsa lafiyarsa ƙalau amma ya samo takardar likita. Wancan ya ce yanzu duk gidan da ka shiga akwai mai katin naƙasa, mutane sun gano kwanciya ta fi aiki riba, da me ƙasa za ta ci gaba in rabin mutanenta suna kwance ana ba su? Babu wanda ya ƙirga, babu wanda ya ga takarda, amma haka muke faɗa da ƙarfi. Ni ne ma kan gaba, tunda ni ne likitan Harami.

Duk Juma'a bayan masallaci a gidan Hala muke cin abinci, wato mahaifiyar ƙanina. A nan hassadar ta fara nuna kanta sosai. In wata ya kama sai in ji wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya yi hamdala a hankali, ni kuma in tsame hannuna daga shinkafar. Na ga ya sa sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, tawa kuwa sai an buga mata hannu take tashi. Na ga yana ajiye mota a bakin ƙofa a wurin da aka ware wa naƙasassu. Na ga fatarsa ta yi kyau, ni rana ta ƙona ni na zama kamar gawayi. Abin da ya fi ci min rai kuwa alherinsa ne. Duk ƙarshen wata sai ya aiko mana da buhun shinkafa da katan na kaji, ya ce a ba yara. Matata ta yi ta sa masa albarka, ni kuma in ji kamar an mare ni. Ni da nake tura mutum mai nauyin buhu biyu sau bakwai tsakanin Safa da Marwa, wai ni ne mai karɓar sadaka daga hannun wanda yake kwance a ƙarƙashin sanyi. Na ci kajin, amma ban taɓa jin daɗinsu ba.

Wata Talata da hantsi cikin watan Rajab, na samu wata tsohuwa mai umara, ina tura ta a layin kekuna da ke tsakiyar wurin sa'ayi. Mun taso daga Safa ke nan, muna dab da wurin korayen fitilun nan inda maza ke sassarfa, sai na hango wani a gefena sanye da harami, tafiyarsa ta yi min kama da wadda na sani. Ƙanina ne. Babu sanda a hannunsa, babu mai riƙe da shi. Ina kallo ya shiga ƙarƙashin fitilun ya ɗaga ƙafa ya yi sassarfa, ba mai ƙarfi ba, amma sassarfa ce, har ya fita ɗaya gefen. Kada in yi maka ƙarya, Edita, ba baƙin ciki na ji ba, daɗi na ji, daɗin wanda ya daɗe yana zargi yau ya kama. Na ce wa tsohuwar ta ɗan yi tasbihi, na zaro waya na ɗauke shi bidiyo a zagaye na gaba, fuskarsa ta fito tas. Bai gan ni ba, idonsa na gaba, bakinsa na motsi.

Juma'ar da ta biyo baya bai zo gidan Hala ba, aka ce yana kwance. Na je duba shi na tarar da shi a gado yana nishi, matarsa na gasa masa ƙugu da ruwan zafi. Wanda Allah ya ba hankali da a nan ya tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa ina zaune ina ce masa sannu, a raina ina cewa kai, wannan yaro ya iya wasa. Ko sau ɗaya ban ce masa na gan ka a Harami ba. Da na faɗa da ya ba ni amsa, ni kuma ba amsa nake so ba.

Akwai hanyar da ake kai rahoton masu cin tallafi da ƙarya, ba a bayyana sunan wanda ya kai. Kwana tara bidiyon yana wayata. Na riƙa gaya wa kaina cewa wannan dukiyar jama'a ce, haƙƙin naƙasassun gaske ne, shiru a kan zamba ma zunubi ne. Har ayoyi na nemo wa kaina. A rana ta goma aka aiko min da saƙon cewa lokacin sabunta takardun yarana ya yi, ina zaune a bakin masauki tun safe ban tura kowa ba. Na tura bidiyon da cikakken sunansa da unguwarsu. Na sayi shayi na sha, na ji wani sanyi a ƙirjina kamar na sauke kaya.

Kafin azumi aka dakatar da tallafin, aka ce sai ya sake bayyana gaban kwamiti da sababbin takardu. Ban ga laifinsu ba, abin da na nuna musu shi suka gani. Amma irin wannan abu ba ya ƙarewa a mako ɗaya, akwai hoton ƙashi, akwai jiran layin likita, ga azumi, ga hutun salla. Shinkafa da kaji suka daina zuwa gidana, matata ta yi ta jajantawa tana tsine wa masu hassada, ni ina gyaɗa kai. Ƙanina ya rame. Ya sayar da motar. A wajen binciken farko ne aka gaya masa cewa hotonsa aka kawo yana sa'ayi da ƙafarsa, ya dawo yana mamakin wane irin mutum ne zai tsaya a wuri kamar wannan ya ɗauki Musulmi hoto don ya cuce shi. A gabana ya faɗa, ni ma na taya shi mamaki.

Da aikin Hajji ya matso sai ya zo har gida da sandarsa, ya ce tunda na san masu tantuna a Mina in taimaka in samo masa aikin kwanakin nan, ko na gadi ne, don yaran suna buƙatar abubuwa kuma ba ya son ya fara roƙo. Nan ma wata ƙofa ce Allah ya buɗe min in dawo kan hanya, na ƙi shiga. A raina na ce yauwa, bari ya ɗanɗana abin da muke sha. Na samo masa gadin ƙofar wani sansani, aikin duba shaidar da ke ɗaure a hannun alhazai kafin su shiga. An ce akwai kujera. Na san wannan kujerar, na san babu mai gadin da ya taɓa samun sararin zama a kanta, na kuma san abin da rana da ƙishirwa suke yi wa mai sikila, tunda ni na goya shi yana yaro. Hala ta yi kuka ta ce kada ya je. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, Yaya ne ya samo aikin, ai ba zai kai shi inda zai cutu ba.

Rana ta biyu ta jifa ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar, bayan azahar. Ina Mina ni ma, ina tura wani dattijo, aka kira ni. Kafin in isa motar asibiti ta tafi da shi. Ciwon ya tashi gaba ɗaya, ya haɗa da shanyewar ɓarin jiki. Ya yi makonni a ɗakin da ba a barin kowa ya daɗe a ciki.

Wata la'asar ina zaune a barandar asibitin tare da matarsa, baiwar Allah mai kawaici wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Ban san abin da ya kai bakina ba, na tambaye ta wai da gaske ne ya yi umarar nan da ƙafa? Ta ce da gaske ne. Ta ce a farkon Rajab likita ya gaya masa ɗaya ƙugun ma ya tafi, in ya ga ƙarshen shekara yana takawa to ya gode wa Allah. Ya dawo gida bai ci abinci ba, ya ce yana so ya yi umara guda ɗaya da ƙafafunsa kafin a ɗora shi a keke, yadda mahaifinsa ya koya masa, har da sassarfar. Ya sha maganin kashe zafi fiye da yadda aka rubuta masa, ya ɗaura harami a Tan'im, ya bar sandar a mota. Abin da ya kwantar da shi mako biyu ke nan. Na ce to me ya sa bai kira ni ba, ni da keke yake hannuna kullum?

"Wallahi na ce masa ya kira ka, Yaya," ta ce. "Ya ce aib ne, abin kunya, ina shi ina zama babban wansa yana tura shi. Kuma ya ce ya san ba za ka karɓi ko riyal ba, ga shi kasuwarku ba daɗi, ba zai ɓata maka wuni guda ba. Khalas, haka Allah ya rubuta."

Na tashi na shiga bayan gida na rufe ƙofa. Na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Shekara ashirin ina alfahari da cewa ina karanta jikin baƙi daga zama ɗaya, ga wanda na goya a bayana na kasa karanta shi, don ban so ba.

An mayar masa da tallafin bayan likitocin asibitin sun rubuta nasu bayanin, har da na watannin da aka riƙe. Hala ta ce yanzu kam ai sun yarda, tunda ga shi a kwance. Ya fito da hannun hagu da ƙafar hagu ba sa aiki, maganarsa tana ja. Bai ƙara takawa ba.

Bayan wata uku da sallamarsa ya aiko a kira ni. Ya ce yana kewar Ɗakin Allah, kuma yanzu kunya ta ƙare tunda babu yadda zai yi, in ba zan damu ba in kai shi. Na ɗauke shi da hannuna na sa a keke. Ya dafa hannun kujerar da hannunsa mai lafiya, ya sunkuyar da kai. Muka hau bene inda ake ɗawafin kekuna. A zagaye na huɗu, da muka zo daidai ƙofar Ka'aba, ya ce in tsaya kaɗan. Ya ɗaga hannu ɗaya ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya yi wa matarsa da 'ya'yansa, ya yi min ni ma, ya roƙa min buɗi a sana'ata. Sannan ya ce:

"Ya Rabbi, wanda ya ɗauke ni hoto a gidanka ya kai ni ƙara, ni ban san shi ba, Kai ka san shi. Ban yafe masa ba. Ka tsayar da mu a gabanka ni da shi."

Ya ɗan juyo da kansa yadda wuyan ya ba shi dama.

"Yaya, ba ka ce amin ba."

Na ce amin.

Edita, abin da ya sa na rubuto ke nan. Har yanzu ana hirar nan a wurin mai shayi, ƙasa ta tsaya, masu tallafi sun yi yawa, kowa ya zama naƙasasshe. Wataƙila akwai masu ƙarya a ciki, ban musa ba, akwai kuma waɗanda aikinsu ne su bincika. Amma ni na san abin da ya sa na tura bidiyon nan, ba kishin dukiyar jama'a ba ne. Dakatar da tallafinsa bai ƙara min alhaji ko ɗaya ba, bai sabunta takardar ɗana ko ɗaya ba, kasuwar Mansur ma ba ta motsa ba. So nake kawai ya rasa abin da ni ban samu ba. Ina roƙon duk wanda talauci ya matse shi har ya fara leƙen abin da ke shiga hannun ɗan'uwansa, ya ji tsoron zuciyarsa, don za ta kawo masa hujja mai kyau har da aya. In ka ga mai ciwo ya miƙe yau, ba ka san me ya sha ba kafin ya miƙe, ba ka kuma san kwana nawa zai yi a kwance saboda wannan miƙewar ba. In abin ya dame ka, je ka tambaye shi, baki da baki. Tambaya ɗaya da na yi a bakin gadonsa da yau ƙanina yana da ɓarin jikinsa.

Na kai maganar wurin wani malami ba tare da na ce ni ne ba. Ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari, sai an je wa mai shi. Sau uku ina zuwa gidan da niyyar faɗa, sai in tarar da Hala tana ba shi abinci a baki, ko ƙaramar 'yarsa ta rugo ta rungume ni tana ce min Ammi, wato Baffa, in zauna in sha shayi in tashi. Ba tsoron fushinsa nake ba. Tsoro nake ya rasa mutum ɗaya da ya yarda ya ɗauke shi ya sa a keke, ko kuma dai wannan ma wata hujjar ce zuciyata ta kawo min, ban sani ba. Yanzu duk farkon wata nake kai shi ɗawafi. Duk zuwa sai ya sa na tsaya a daidai ƙofar, ya maimaita addu'ar nan ba ya rage ko kalma, ni kuma ina tsaye a bayansa riƙe da keken, ina cewa amin.